Cikin Da Aka Ce Ya Kwanta

Tun kafin Tajuddeen ya kare digirinsa na uku muke ce masa Dokta, domin idan ka kira shi Malam sai ya yi kamar da wani kake. Malamin harhaɗa magunguna ne a wata jami'a a gida, asusun tallafin ilimi ya turo shi Kuala Lumpur ƙarin karatu. Ni Rabi, ƙofata tana kallon tasa a wani dogon bene a Wangsa Maju, inda mu ɗalibai 'yan Arewa muka taru saboda sauƙin haya da kusancin tashar jirgin ƙasa. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinta ba. A gaban idona aka yi wa matarsa Saudatu abin da aka yi mata, kuma har yau idan na tuna sai abinci ya fita raina.

Saudatu tana digiri na biyu a fannin koyarwa, a jami'ar gwamnatin da ni ma nake karatu. Yarinya ce mai sanyin hali, irin wadda za ka take wa ƙafa ta riga ka ba da haƙuri. Sun daɗe da aure ba haihuwa, har mazan benen sun fara yi wa Dokta shaguɓe a wajen shan shayi. Ranar da gwaji ya nuna ta samu ciki, ita kunya ta hana ta ko leƙo waje. Shi kuwa ya sauka shagon mamak, wato ɗakin cin abincin Indiyawan nan Musulmi da ke ƙasan benenmu, ya yo ƙunshin shinkafa da kaza ya bi ƙofa ƙofa yana rabawa. Kafin mako ya zagayo ya raɗa wa cikin suna Fa'iz, ya goge sunansa a WhatsApp ya rubuta Abu Fa'iz. Daga nan ko Doktan ma idan ka faɗa shi kaɗai sai ya ga ka tauye masa haƙƙi.

Cikin yana shiga wata na huɗu Saudatu ta fara ganin ɗigon jini. Ta ƙwanƙwasa min ƙofa da hantsi, muka tafi asibitin makaranta. Likitar wata 'yar ƙasar ce mai lulluɓi da fara'a, amma da ta ɗora na'urar hoton ciki sai fara'ar ta ɗauke. Ta daɗe tana kai hannu tana dawowa. Daga ƙarshe ta juyo mana da allon, ta ce zuciyar ɗan ba ta bugawa, kuma girmansa ya nuna ya yi makonni da tsayawa. Ta ce da jiki zai fitar da shi da kansa da tuni ya fitar, ƙarin jira kuwa neman cuta ne. Akwai 'yar ƙwayar magani da ake bayarwa ta buɗe mahaifa komai ya fita cikin kwana ɗaya ko biyu, ba yanka ba ɗinki. Sai dai su ba sa ajiye ta. Sai babban asibiti, a kan gado, ana lura da mai shan. Ta rubuta mana takarda ta ce Saudatu ta je da fasfonta da mijinta.

Na tsaya ina kallon ɗakin magungunansu da muka zo fita. Asibitin da ke kula da dubban ɗalibai mata, yana da maganin mura kala-kala da na ƙurajen fuska har da na amosanin ka, amma wannan ɗin babu, don ita ce ƙwayar da ake raɗa sunanta idan ana zancen zubar da ciki. Saudatu ba ta yi kuka ba sai da muka zauna a jirgi. Kuma ko a nan ba ɗan take yi wa ba tukuna, tunanin yadda za ta gaya wa mijinta ne ya fi damunta. Ta roƙe ni in tsaya a ɗakin idan ya dawo.

Na ga fuskar Dokta lokacin da ya karanta takardar ya dubi hoton. Ya gane sarai. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsayawa gaban aji yana koyar da wannan ƙwayar da yadda take aiki ba ya buƙatar a yi masa fassara. Ya zauna jagwab, har na fara jin tausayinsa. Sai ya ciro waya ya kira mahaifiyarsa, Hajiya Umma, a Kano, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Wane irin ya mutu?" in ji Umma. "Kwanciya ya yi, Tajo. Ciki yana kwanciya. Kai kanka shekara biyu ka yi a cikina kafin malam ya tashe ka. Kada ka kuskura ka bari su ɗura mata ƙwayar 'yan iskan gari su zubar min da jika. Idan ka yi, ban yafe ba."

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san zancen kwantaccen ciki. Ana cewa ɗa yakan yi barci a mahaifa ya daina girma, wata da watanni, wani lokaci shekaru, sai an sha rubutu ya farka. Na ji shi tun ina ƙarama a bakin kakanninmu, ban taɓa zaton zan sake jin sa a bakin waya mai tsada a hawa na goma sha wani abu ba. Game da shekara biyun da Dokta ya yi a ciki kuwa, ni dai ban tambayi inda marigayi Alhaji mahaifinsa yake a lokacin ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda fuskar Dokta ta washe. Ya sami mafita. Ba sai ya koma wajen shan shayi ya ce babu Fa'iz ba. Ya dubi matarsa ya ce ta ji dai da kunnenta, Umma ta fi su sanin waɗannan abubuwa. Na kasa haƙuri na tuna masa sana'arsa.

"Anti Rabi, science has limits," ya ce. "Na'ura ce fa, mutum ne ya ƙera ta. Allah kuwa mai rayar da matattu ne."

Na ce ban musa ba, amma Allahn da yake rayar da matattu shi ya ce a yi magani. Sai ya miƙe ya buɗe min ƙofa, cikin ladabi, ya gode min da ɗawainiya.

Washegari Saudatu ta buɗe aljihun teburin da suke ajiye takardunsu, fasfonta ba ya nan. Da ta tambaya ya ce ya kai ofishin ɗaliban waje don sabunta biza, alhali bizarta tana da sauran watanni. Duk da haka muka gwada. Muka jira ya tafi ɗakin bincike, muka koma wajen likitar ta sake ba mu takarda, muka wuce babban asibiti. A teburin rajista aka ce katin ɗalibi bai isa ba, baƙo sai da ainihin fasfo. Inshorar ɗalibai kuma, wadda ake tilasta mana biya kowace shekara, ta ware duk abin da ya shafi ciki da haihuwa, kamar waɗanda suka tsara ta sun ɗauka ɗaliba ba ta da mahaifa, don haka sai an sami wanda zai tsaya mata ya sa hannu. Muka zagaya ɓangaren gaggawa. Suka auna zafin jikinta da jininta, suka ce lafiya lau, wannan ba na gaggawa ba ne, ta dawo da takardunta a ba ta gado, ko kuwa idan zazzaɓi ya kama ta ko jini ya ɓalle. Wata nas mai kirki ta dafa kafaɗarta ta ce ta zo da mijinta kawai, ya fi sauƙi. Wato dai Saudatu ba ta lalace yadda ya kamata ba tukuna, sai ta ƙara.

Maganin Umma kuwa bai sha wannan wahalar ba. Akwai wani ɗan kasuwa Ubale da ke zaune a Bukit Jalil, shi yake kawo mana kuka da daddawa da kilishi daga gida, shi yake sayar da layin waya, shi yake nemo wa sabon zuwa ɗaki. Cikin 'yan kwanaki sai ga shi da ƙunshi daga Kano. Farin ƙyalle ne da aka wanke allo a kansa aka shanya ya bushe, don ruwan rubutu ba ya wuce filin jirgi. Za a riƙa yankar ɗan guntu safe da yamma ana jiƙawa tana sha. Dokta ya karɓi aikin hannu bibbiyu. Da rula yake aunawa kafin ya sa almakashi, kada wani yankan ya fi wani girma. A nan ne kawai na ga ilminsa ya yi amfani a gidan.

Da Ubale zai tafi muka haɗu a bakin lif, ya rage murya ya ce ya ji abin da ake ciki. Ya ce idan ƙwayar ake nema yana da ita, 'yan matan makarantu suna saya a wajensa kullum. Ya nuna min a 'yar leda, ba kwali ba suna ba ranar lalacewa. Na kai wa Saudatu maganar don haƙƙinta ne ta sani. Likita ta riga ta gargaɗe ta cewa a girman da cikin ya kai, idan ta sha wani abu ita kaɗai a gida jini zai iya ƙare mata kafin a kai ta ko'ina.

"Anti," ta ce, "idan na mutu da ƙwayar Ubale a cikina, me za a gaya wa Babana?"

Haka abin yake. Maganin da likita ta rubuta da hannunta ya gagara, wanda ba a san uwarsa ba a san ubansa ba har ƙofar ɗaki ake kawo shi.

Na ce to ta gaya wa iyayenta. Nan ma aka ci karo da wata katangar, kunyar cikin fari. Saudatu ba ta taɓa furta wa mahaifiyarta da bakinta cewa tana da ciki ba, a bakin dangin miji suka ji. Mahaifinta kuwa ko a mafarki ba za ta iya ɗaga masa wannan zancen ba. Ni na karɓi lambar na kira uwar. Baiwar Allah ta saurare ni har ƙarshe, ta ce Hajiya Umma ta riga ta kira ta ta yi mata bayani, kuma ba ya kyau a ce daga gidan yarinya aka fara musa wa surukai. Ta ce za su dage da addu'a. Ta roƙe ni in riƙa dafa wa 'yarta kunu.

Sai na nufi Malam Abdulgani, shugaban ƙungiyarmu ta ɗalibai, wanda yake digiri na uku a fannin Shari'a kuma yake mana karatu duk Asabar. Ban ɓoye masa komai ba. Shi ma bai ɓoye min ba. Ya ce fitar da abin da ya riga ya mutu babu laifi a cikinsa ko kaɗan, idan ma ran uwa yana cikin haɗari wajibi ne, har ya jawo min sunayen littattafai. Na ji daɗi, na ce to ya tashi mu je ya maimaita wa Dokta haka. Sai ya fara shafa gemu. Ya ce sha'anin miji da mata sai a hankali. Ya ce bawan Allahn nan ya kusa zaman kare kundinsa, abin da muke kira viva, ba daidai ba ne a ɗaga masa hankali yanzu. Ya ce zai nemi lokacin da ya dace. Fatawar tana nan tsaf a bakinsa, ƙafar kai ta ƙofar Dokta da ke hawa biyu a ƙasansa ce babu.

Saudatu ta ci gaba da shan ruwan ƙyalle. Ta daina zuwa ganin malamar da ke duba aikinta. Ta rame, idanunta suka faɗa, ta fara riƙe mara idan za ta miƙe. Amma ba ta fasa tuƙa tuwo ba, don Dokta ba ya cin abincin waje idan yana karatu mai nauyi. Duk safiya sai ya ɗora kunnensa a cikinta ya ce kamar ya ji motsi. Ita kuwa ta san abin da take ɗauke da shi. Ta gaya min ba ta iya kwanciya a gefen da take jin nauyinsa, kuma ta daina duba madubi.

Sai wari ya fara. Da farko ita kaɗai take ji, daga baya duk wanda ya zauna kusa da ita. A wannan makon aka yi sunan ɗan wani abokin Dokta a Kampung Baru, Dokta ya ce lallai sai ta je, don mutane sun fara tambaya ko lafiya. Ta zuba doguwar riga mai faɗi, ta yi wanka da humra da turaren wuta har sai da na yi atishawa. A wajen taron mata suka yi ta kiranta Maman Fa'iz, suna tsokanarta wai cikin nata ɗan gayu ne, ya ƙi fitowa. Ana zafin da kowa yake fifita da faranti, ita tana rawar sanyi. Na ga wata ta ja kujerarta baya a hankali tana toshe hanci da gefen mayafi. Aka miƙo mata jaririn ta ɗauka, ta karɓa, ta riƙe shi yadda ya kamata, ta yi masa addu'a, ta mayar. A can ɓangaren maza ina jiyo muryar Dokta yana bayani da Turanci cewa wasu matan cikinsu ta baya yake girma.

Da muka dawo na tare shi a baranda, na ajiye kara gefe. Na ce matarsa tana ruɓewa da ranta kuma ya sani. Ya fara da cewa na'urar asibitin makaranta tsohuwa ce. Na ce mu je wani asibitin a sake. Ya ce ba ya son a riƙa haska yaro da yawa. Ya ce idan labari ya fita cewa matarsa ta sha irin wannan ƙwayar, wa zai tsaya ya bambance, ai cewa za a yi Abu Fa'iz ya zubar da ciki. Ya ce tallafinsa ya kusa ƙarewa, idan ya faɗi viva ba mai ƙara masa ko wata guda. Daga ƙarshe ya zo kan gaskiyar.

"Kin ji abin da Umma ta ce. Idan ta yi min baki fa? Ki bari in gama viva, wallahi washegari da kaina zan kai ta."

Na ce cutar ba ta san ranar viva ba. Ya ce yana lura da komai, ai yana ba ta magani. Ashe tun kwanaki yake ɗura mata ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya taɓa sha, da na saukar da zazzaɓi, safe da rana da yamma. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Wanda ya yarda ɗa barci yake ba ya ba da maganin ruɓa. Ya san gawa ce, yana dai danne zazzaɓin ne kada ya fito fili kafin ranarsa. Kuma da ya danne shi, sai ya toshe ƙofa ɗayar da asibiti suka ce za su buɗe mata ba tare da shi ba.

Ranar viva ita ta goge masa kwat. Ta gaya min daga baya a zaune ta yi gugar, don ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta. Ya jiƙa mata yankan ƙyalle, ya ajiye ƙwayoyin zazzaɓi a gefen gado, ya ce ta yi masa addu'a, ya fita. Wajen hantsi na ji wani abu ya bugi ƙofata daga ƙasa. Na buɗe na same ta a kwance a baranda, da rarrafe ta tsallako, zanenta ya jiƙe da jini baƙi, jikinta kamar garwashi, tana kiran sunan mahaifiyarta. Maigadin benen ya taimaka min muka sa ta a motar haya.

Wannan karon ba wanda ya tambayi fasfo. Suna ganinta suka ɗora ta a gado suka ruga da ita. Ta cancanta ke nan.

Na kira Dokta, wayarsa a kashe. Na tura wa Malam Abdulgani saƙo, don na san yana ƙofar ɗakin viva tare da sauran abokai, sun tanadi lemo suna jiran a fito a yi murna. Alama ta nuna ya karanta. Bai amsa ba. Daga baya ya ce ya auna maslaha ne, ya ga saura kaɗan a gama, shiga a katse zai zama ɓarna biyu.

Bayan azahar wani likita ya fito yana neman mijinta. Ya ce cutar ta shiga jini, mahaifar ta lalace, sun yi ƙoƙarin wanke ta amma jini ya ƙi tsayawa. Idan ana son ranta sai an cire mahaifar gaba ɗaya, kuma yanzu. Muna cikin haka sai ga Dokta ya shigo da sauri cikin kwat ɗin da ta goge, Malam Abdulgani yana biye da shi. Ya ci jarrabawa, 'yan gyare-gyare kaɗan aka ba shi. Likitan ya maimaita masa bayanin, ya tambaye shi tun yaushe aka san cikin ya mutu. Dokta ya sunkuyar da kai ya ce ba su daɗe da sani ba. Na ce ƙarya ne, na faɗi ranar da aka yi hoton. Likitan ya dube shi ya dube ni, ya miƙa masa biro. Hannun da ya gagara sawa don 'yar ƙwaya, shi ya sa don a cire mahaifa, kuma ko rawa bai yi ba.

Sai ma'aikaciyar rajista ta zo ta ce a kawo fasfon marar lafiya idan an samu dama. Dokta ya zura hannu a aljihun cikin kwat ɗinsa ya ciro shi. Da shi ya shiga viva, yana manne da ƙirjinsa, yana amsa tambayoyin farfesoshi a kan yadda magani yake ceton rai.

Saudatu ta rayu, da kyar. Kafin ta farfaɗo sanarwa ta riga ta fita a zaurenmu na WhatsApp, Malam Abdulgani ne ya rubuta. Ana taya Dokta Tajuddeen murnar kammala digiri, ana kuma jajanta masa bisa rashin da ya yi, Allah ya ba shi haƙurin jure wannan jarrabawa. Shi aka yi wa rashi. Sunan Saudatu bai fito ba, an dai ce iyalinsa tana samun sauƙi. Mutane suka yi ta turo addu'a, wasu har suna yaba masa yadda ya iya tsayawa gaban farfesoshi da irin wannan nauyi a zuciya. Umma ta aiko saƙon murya tana kuka, tana cewa likitocin waje ba su da imani, sun tashi yaro da ƙarfi lokacinsa bai yi ba. Mahaifiyar Saudatu ma ta kira ni a waya. Ubale ya zo dubiya da lemon zaƙi. Kowa ya yi abin da ya iya, yanzu da babu sauran abin yi.

Ni ban ga ƙaddara a nan ba, aikin mutane na gani. Na ga asibitin makaranta da ya san maganin ya ƙi ajiyewa. Na ga uwar da ta fi son tsohon labarinta a kan ran 'yar mutane, da malamin da ya riƙe gaskiya a baki yana jiran lokacin da ya dace. Na ga namijin da ya gwammace matarsa ta yi yawo da gawa a ciki da a daina kiransa da sunan da ya raɗa wa kansa. Aikin kwana biyu ne a kan gado da 'yar ƙwaya da kofin ruwa. Da yanzu ta warke tana rubuta babi na huɗu na kundinta, kuma da wataƙila wani cikin ya zo.

Ranar da aka mayar da ita ɗakin mata ina zaune a gefenta da rana Dokta ya shigo da ƙunshin abinci daga shagon mamak. Ya ja kujera, ya yi murya ƙasa ƙasa.

"Sannu, Maman Fa'iz. Haka Allah ya rubuta, sai haƙuri."

Ba ta dube shi ba. Ta miƙa hannun da babu allura a jiki ta buɗe tafin.

"Fasfona."

Ya kalle ni kamar ni na faɗa. Sai ya ciro ya ɗora mata. Ta miƙo min ta ce in riƙe mata a jakata. Wannan ne karo na farko da na ji Saudatu ta nemi wani abu a wajensa ba ta haɗa da don Allah ba.

Sai ya shiga surutu. Ya ce Umma tana gaishe ta. Ya ce Umma ta riga ta sa malam ya yi wani rubutun, na riƙe ciki, Ubale zai karɓo a jirgin mako mai zuwa, don na gaba idan ya zo ya zauna da kyau. A nan na gane bai gaya wa uwarsa abin da ya sa wa hannu ba. Wannan ma yana jiran lokacin da ya dace.

Saudatu ta juyo a hankali, saboda ɗinkin, ta kalle shi ido cikin ido.

"Dokta, ka ce wa Umma ta bar ƙyallenta. Babu sauran inda zai kwanta."

Wayarsa ta yi ƙara a hannunsa, wani ne yake kiran Abu Fa'iz ya yi masa murna, ya tashi ya fita baranda ya amsa.